Yadda Butar Baffa Alu Ta Kori Kifin Annabi Yunusa

Ku samarin garin nan, na ji abin da kuke faɗa a kaina a bakin tur'a, magudanar ruwan gonaki, da la'asar, don ni kunnena yana jin tarin sauro daga Makwar. Wai Mamman Bahar bai taɓa yin aiki ba a rayuwarsa. Wai zama kawai ya yi cikin jirgi ƙarƙashin rumfa, iska na kaɗa shi, yana nuna wa Turawa kifi da yatsa. Har wani cikinku ya ce in dai wannan ce sana'a, akuyar gidansu ma za ta iya. To, na ɗauki alƙalami. Da Hausa zan rubuta. Wanda Larabci ya cinye masa harshe ya nemi mai karanta masa, kakarsa ta yi masa fassara.

Ni ɗan kogi ne kamar ku. Mahaifina yana da jirgin fito, yana ƙetarar da mutane da jakuna da buhunan dawa nan tsakanin Makwar da Abu Hujar. A lokacin dorina ba ta ƙare a wannan yanki ba, ku ne ba ku tarar da ita ba. Abin da ake fara koya wa yaro, tun bai iya ɗaura wando ba, shi ne in ka ga ruwa ya kumbura, wani baƙin abu ya taso yana huci, kada ka tsaya tambaya. Ka ɗauki abin da ke hannunka, filafili ne, kwano ne, takalmi ne, ka yi ta dukan gefen jirgi kana ihu har kunnenta ya gaji ta nutse ta ba ku hanya. Haka muke korar ta daga gonakin bakin ruwa ma, da garwa da sanda. Duk mutumin ƙauyenmu na wancan zamani, mace da namiji, a hannunsa wannan abin yake zaune, ba a kansa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Wata shekara bayan an gama tsinkar auduga, na bi ta a jirgin ƙasa har Bor Sudan, da niyyar in ɗan yi dako in sayi agogo in dawo. A nan na fara ganin ruwan da ba shi da wancan ƙetare. Na durƙusa na kamfata na kurɓa, na tofar har da hawaye. Wani dattijo mai suma kamar sheƙar shamuwa ya yi ta dariya har ya zauna a ƙasa. Shi ne Rayyis Uhaj, mutumin duwatsun bakin teku, mai wani jirgin katako da ake kira sambuk, mai babban ƙyallen kama iska da ɗan ƙaramin inji. Ya raɗa mini suna “ɗan ruwan daɗi”, ya ce yana neman mai hannu. Agogon nan har yau ban saye shi ba.

Aikin da ya fara ba ni shi ne kankare gindin jirgi. A jawo shi kan yashi, a kwantar da shi a gefe guda, ka shiga ƙarƙashinsa da guntun ƙarfe kana ɓamɓare ƙananan katantanwa da suka manne masa. Kowace tana da baki kamar aska. Bayan nan ka dama farar ƙasa da kitse ka shafe ƙasan, saman kuma ka shafa masa man hantar kifi. Warin man nan, in na shiga masallaci sahu guda ake bar mini ni kaɗai, liman ma gajerun surori yake karantawa. Na yi shekara ina wannan da kwarfe ruwa, Rayyis bai bar ni na nuna wa kowa ko ƙwaro da yatsa ba.

Daga nan ya tsayar da ni a goshin jirgi in karanta launin ruwa. A kogi abin tsoronka tudun yashi ne, in ka hau shi ka sauka ka tura. A teku akwai sha'ab, duwatsu masu rassa da ke girma ƙarƙashin ruwa, suna yanka katako kamar yadda wuƙa ke yanka kabewa. Ruwa in ya yi shuɗi kamar an tsamo shi daga marina, akwai zurfi, wuce abinka. In ya yi kore, yi hankali. In ya yi kalar kunu, ka riga ka makara. Kuma ga masifa: da safe gabas muke dosa, rana a ido; da yamma mu dawo yamma, rana a ido. Shi ya sa kuka ga ina kanne ido in ina magana, ba wai raina ku nake yi ba.

Yanzu ga abin da kuka ce akuya za ta iya. Babban kifin nan Larabawa na ce masa hut, mu kuma kifin Annabi Yunusa. Ba ya da gida, ba ya da ranar kasuwa. Ba shi kake nema ba, tsuntsaye kake nema. In ka hango fararen tsuntsaye can nesa suna faɗawa ruwa kamar ana jifa da su, ƙananan kifi ne suka taru, kuma mai cin su yana ƙasa. Sai ka zuba ido ka ga hayaƙi ya tashi daga ruwa, tsaye, ya fi tsayin ɗaki, iska ta kwashe shi. Numfashinsa ke nan, don shi da iska yake rayuwa kamar ni da kai, kuma nono yake ba ɗansa. Wani lokaci hanci ke riga ido. Numfashin hut, in ka haɗa ruɓaɓɓen kifi da daddawar bara ka rufe a tulu har damina, ka fara kusantarsa. In ya nutse kuma yakan bar wani fili a kan ruwa, sumul kamar an zuba mai, wannan ne sawunsa, da shi kake gane inda ya dosa.

Da ka kusato sai a kashe inji. Muna da dogayen filafilai biyu da muka naɗe wuyansu da tsumman buhu don kada su yi ƙara. Ba a tarar sa ta gaba, ba a bin sa ta baya kamar mai bin bashi, ta gefe ake zuwa a hankali, a tsaya, a bar shi ya yanke shawara. Ba a shiga tsakanin uwa da ɗa. Gaba da kome kuma, shiru. Ƙarar cokali a gefen jirgi tana isar masa kamar tsawa. Rayyis ya taɓa hana wani Bature tari har fuskarsa ta koma kalar gauta.

Ba iri ɗaya ba ne. Wanda muka fi gani dogo ne, siriri, mai kalar toka, da layuka uku a bisa kansa kamar kunyar gona. Shi ne mai kunya, ba ya ma ɗaga wutsiya in zai nutse. Akwai baƙaƙe masu haƙora da ke yawo garke-garke, ba su kai shi ba amma sun fi shi fitina. Akwai wani mai dogayen hannuwa farare da ƙuraje a baki, wanda ke tsalle ya faɗo ya jiƙa ka daga nan har Kamlin, amma baƙo ne, sau ƙalilan na gan shi. Sai abu salama, ƙanana masu dogon baki, masu tsere da jirgi suna juyi a sama kamar 'yan wasan biki, su ne ke fid da mu kunya ranar da babban ya ƙi fitowa. Akwai kuma wani ƙato mai ɗigo-ɗigo da na sa wa suna Zabuwa. Shi kifi ne na gaske, ba ya fitowa shan iska, kuma ba ya da haushi ko kaɗan.

Masu hawa jirginmu hawajat ne, Turawan manyan jiragen da ke tsayawa a tasha kafin su wuce mashigin Suwes, da mufattishai, masu duba gonakin auduga, in sun zo hutu. Na ɗauki wani da ya duba agogo ya tambaye ni ƙarfe nawa kifin yake fitowa. Na fassara wa Rayyis, ya ce in gaya masa kifin bai sayi agogo ba tukuna, kamar ni. Na ɗauki wata mai malafa kamar faifai wadda ta yi wuni tana jira da abin ɗaukar hoto, da hut ya taso sai ta rufe ido. Rabinsu kuwa kafin mu fita sha'ab cikinsu ya juya, don haka citta da busasshen lemon tsami da bokiti ba sa barin jirgi. Ranar da ba a ga kome ba, nan ne sana'a take. Sai in fito da bokiti mai gindin gilashi su leƙa su ga lambun da ke ƙarƙashin ruwa, ni kuma in buɗe baki. Ba na ƙarya. Ina dai yi wa labari taki don ya girma.

Sai shekarar da aka yi yaƙi aka rufe mashigin Suwes. Jiragen Turawa suka ɗauke ƙafa kamar an share su da tsintsiya. Muka zauna a bakin ruwa muna shan jabana har na fara jin tausayin turmin kofi. Rana ta fara buɗe bakin katakon jirgi, don jirgi in ba ya tafiya mutuwa yake. Sai ga wani tajirin gishiri yana zagaya shi, yana ƙwanƙwasa shi da sanda kamar mai sayen kankana. So yake ya cire rumfa da kujeru ya riƙa jigilar gishiri da shi har ya ruɓe. Rayyis ya yi ta ja masa rai, amma yana da iyali. Ranar nan ya kira ni ya ce, “Ɗan ruwan daɗi, mu tafi Sawakin. In jirgin alhazai na ƙarshe ya tashi ba mu sami masu hawa ba, na ba mai gishiri. Kai kuma ka koma wa audugarka.”

A Sawakin alhazai ke taruwa suna jiran jirgin Jidda. Ina yawo cikin sansaninsu sai na ji ana Hausa irin ta gida. Mutanen ƙauyenmu ne, kuma a gabansu Baffa Alu, wan mahaifina. Ku da kuka san shi kun san ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ba a kuma taɓa kama shi da dariya ba. In an yi rigimar ruwan hawasha, wato gonakinmu na ban ruwa, abin da ya ce shi ne hukunci. Duk shekarun da nake zuwa gida ina ba da labarin hut, shi ne ke tashi ya kaɗe rigarsa ya bar wurin. Bayan mun gaisa, na durƙusa ya tambayi aiki, sai ya ce, “Mamman, ka daɗe kana cika muna kunne da kifin ga. To ga mu, ga ruwa. Ko ka gwada muna shi, ko in munka koma gida ka bar maganarshi har abada.”

Kun ga ke nan jirgin Rayyis da bakina duka sun hau faifai ɗaya.

Rayyis ya ce alhaji guzurinsa na Makka ne, ba na kallon kifi ba. Na ce in waɗannan suka gani, sansanin nan duka zai ji kafin magariba, don a cikinsu akwai Gwaggo Hajo, ƙanwar Baffa, wadda in ta yi raɗa ana ji a ƙetaren kogi. Ya yarda. Da safe suka hau, kowa da butarsa ta ƙarfe don alwala, Gwaggo da kwanon guzurinta. Na tsaya na yi musu huɗuba: in ya fito, shiru, ko tari babu. Kowa ya ce to. Baffa ma har ya harare ni, ya ce su ba yara ba ne.

Allah ya taimake mu, hantsi bai gama ɗagawa ba muka sami tsuntsaye. Rayyis ya kashe inji, na kama filafili. Muna cikin lallaɓawa sai ruwa ya kumbura a damarmu, baƙin baya ya taso, ya saki huci.

Ban san lokacin da Baffa ya miƙe ba. Sai dai na ji ƙarar buta a gefen jirgi, kwam, kwam, kwam. Kafin in buɗe baki jirgin duka ya ɗauka. Mai buta na buta, mai takalmi na takalmi, wani dattijo da ba shi da kome ya cire hularsa yana dukan katako da ita. Gwaggo Hajo ta kifar da guzurinta, tana luguden kwano tana cewa, “Tafi can, 'yar banza, ba ki ga alhazai ba ne!” Na tabbata an ji mu a Jidda. Hut ya nutse, ya bar mana sawunsa sumul a kan ruwa, tsuntsaye ma suka watse.

Baffa ya zauna yana haki, ya dube ni, ya ce, “Mun kore ta. Yanzu sai ka kai mu ga kifin naka.”

Na ce, “Baffa, ai shi ne kunka kora.”

Ya ce shi baya kawai ya gani da huci, ya ɗauka dorinar wurin ce. Rayyis kuwa ya ja mayafinsa ya rufe kai, can daga ciki ya ce in juya goshin jirgi, gobe in kira mai gishiri. Baffa ya tambaye ni me mutumin ke nufi, na gaya masa duka, da rufe mashigi, da tajiri, da wa'adin jirgin ƙarshe.

Ya dubi butar da ke hannunsa, duk ta lotsa. Ya ce, “Ashe abincin mutum munka kashe da buta.” Sai ya juya ga Rayyis da Larabci, ya kira shi da girmamawa, ya roƙe shi ya ba su zuwa la'asar. Rayyis ya leƙo da ido ɗaya ya ce hut da aka yi wa wannan kiɗa sai jikokinsa su dawo, amma rana ta Allah ce, a zauna.

Abin da Baffa ya yi daga nan, ni da na shekara goma sha a teku bai taɓa zo mini a kai ba. Ni baki na gargaɗa, shi kuwa ya san ba bakin ne mai laifi ba. Ya sa na kawo buhu. Ya bi kowa ya karɓi buta, da kwano, da takalmi, da sanda, har da hular dattijon nan. Ya ɗaure bakin buhun ya zauna a kai. Sannan ya ce kowa ya fito da carbinsa, ya riƙe da hannu biyu, kada wanda ya saki sai ya ce.

Muka koma inda Rayyis ke zato, muka tsaya. Rana ta hau tsakiya ta zauna a kanmu. Aka yi azahar a zaune, bayan an buɗe buhu an yi alwala an sake ɗaurewa. Wasu cikinsu ya juya, na bi su da citta da bokiti ina tafiya da yatsun ƙafa. Ba ka jin kome sai ruwa na lasar katako da ƙas-ƙas ɗin carbi. Na ɗauki Turawa masu karatu iri-iri, ban taɓa samun jirgi mai shiru irin na wannan rana ba, don mutanenmu zaman wuridi ba baƙonsu ba ne.

Inuwar rumfa ta fara karkata sai tsuntsaye suka soma dawowa ɗaya-ɗaya. Sai wari. Gwaggo Hajo ta toshe hanci ta juya ta harari dattijon da ke kusa da ita, shi kuma ya girgiza kai yana rantsuwa da ido. Rayyis ya sauke mayafi a hankali, ya ɗaga yatsa ɗaya.

Ta taso a gefenmu, kusa har da na miƙa filafili da na taɓa ta. Uwa ce. Kai ya fito da layukansa uku, ya wuce, baya ya biyo, yana ta wucewa, yana ta wucewa, kamar jirgin ƙasan auduga. Kanta ya wuce goshin jirginmu, wutsiyarta ba ta iso bayansa ba. A jikinta ga ɗanta manne, jariri, wanda bai fi raƙumi biyu ba. Ta karkata ta dube mu da ido ɗaya. Na saci kallon Baffa, na ga hannunsa na dama ya saki carbi yana lalube bakin buhu shi kaɗai, Gwaggo ta kama hannun rigarsa ta riƙe gam. Sai uwar ta saki numfashi, ya sauko mana kamar yayyafi. Suka zagaya mu, suka sake zagayawa, sannan suka nutse ba gaggawa.

Ba wanda ya yi magana har sawun ya baje. Gwaggo ce ta fara, da abin da take kira raɗa: “Yaya, wannan ruwan da ta fesa muna, alwalata tana nan?”

Washegari da na fito bakin ruwa na ɗauka gobara aka yi. Hausawa, Barebari, Fulani, mutanen Darfur, kowa da abin da ya sawwaƙa a hannu, wai a kai su su ga kifin Annabi Yunusa. Wani malami ya tambaye ni ko shi ne ainihin wanda ya haɗiye Annabi. Na ce ni dai ban tambaye shi ba, amma dangi ne na kusa. Mai gishiri ya zo da sandarsa bai sami wurin tsayawa ba, Rayyis ya aika masa da jabana ya ce ya sha ya huce. Ba kullum muke gani ba, amma ba mu sake kwana ba mai hawa har jirgin ƙarshe ya tashi, kuma kowace shekara lokacin aikin hajji muna Sawakin. Ko da aka buɗe mashigi Turawa suka dawo, sun tarar da alhazai a gabansu. Tun daga ranar kuma kayan aikinmu suka ƙaru da abu ɗaya: buhu a bakin tsani. Duk wanda ya fito daga bakin kogi, sai ya zuba butarsa a ciki kafin ya taka jirgi.

Da Baffa ya dawo daga Makka, ina gida. Aka taru a ƙofar masallaci ana yi masa barka, wani ya tambaye shi labarin kifin Mamman, ana ƙyafta ido. Baffa ya gyara rawani ya ce, “Mamman ya yi muku ƙarya. Ya rage.” Ya tashi ya fara aunawa da ƙafa daga ƙofar masallaci, ya wuce rijiya, ya wuce turken jakuna, yana tafiya yana cewa har yanzu ba a zo wutsiya ba. Jama'a suka bi shi da kallo. Can wani tsoho ya girgiza kai ya ce, “Allah sarki. Ruwan gishiri ya taɓa Alhaji Alu ma.” Har ya rasu ana karɓar hukuncinsa a kan ruwan hawasha, amma in ya ɗauko zancen kifi sai ka ga mutane na kaɗe riguna.

Saboda haka ban sa rai ku ku yarda da ni ba. Rayyis ya tsufa ya bar mini ragamar jirgi, kuma ina neman mai hannu. Wanda ya ce akuyarsu za ta iya, ya zo bayan tsinkar auduga, shi da akuyar. Ita zan sa ta a rumfa ta yi kallo. Shi kuma ga guntun ƙarfe, ga man hantar kifi, gindin jirgi na jiransa.